DAGA FITILUN SILIN ZUWA KYAMARAR DA KE KALLON ƊAKINKA: YADDA KWAMFUTA TA KOYI BIN KAN ƊAN ADAM

Jama'a, a shekarar 2024 kaɗai, sashen kamfanin Meta da ke ƙera tabarau na shiga ƙagaggiyar duniyar kwamfuta ya tafka asarar dala biliyan 17.7. A 2023 biliyan 16.1 ce, a 2022 kuma biliyan 13.7. Haɗa ka gani, sama da dala biliyan 47 cikin shekara uku. Duk sanda irin wannan labari ya fito, sai ka ga ana ta yi wa Mark Zuckerberg dariya, wai yana zuba dukiya a rijiya gaba dubu. Apple ma ya fito da nasa tabarau, Vision Pro, a watan Fabrairun 2024 kan dala 3,499, aka yi ta surutu, aka gaji aka watse.

Ni dai dariyar ba ta gamsar da ni ba. Mutanen nan ba wawaye ba ne. Me suke saye da wannan uban kuɗi? A ganina amsar tana cikin wani tarihi da ba a cika ba da shi ba, tarihin wata tambaya ƙwaya ɗaya da masana suka shafe sama da shekara 50 suna kokawa da ita: ta yaya kwamfuta za ta san inda kanka yake da inda ya fuskanta, a kowane lokaci, kana yawo cikin fili mai faɗi? Rubutun yana da ɗan tsawo, amma a daure a kai ƙarshe, don ƙarshen ne ya shafe mu.

MATSALAR TUKUNA

Tabarau ɗin nan iri biyu ne. Akwai wanda ke rufe maka ido ruf, ya jefa ka cikin duniyar da kwamfuta ta zana. Akwai kuma wanda kana ganin duniyarka ta zahiri, sai ya ɗora maka zane a kanta. Dukansu biyun, allon da ke gaban ido ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne hoton ya bi motsin kanka.

Kai yana motsi ta hanya shida: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, sannan waiwaye, gyaɗawa, da karkatawa. Dole na'ura ta auna duka shidan, ta sake zana hoton daidai da su, kafin ƙwaƙwalwarka ta farga. Can cikin kunnenka akwai abin da ke jin motsi nan take. In kunne ya ce kai ya juya, ido kuma ya ce hoto bai motsa ba tukuna, sai rigima ta kaure tsakaninsu, kai kuma ka samu jiri da tashin zuciya. Masu sana'ar sun daɗe suna cewa jinkirin kada ya wuce kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ƙiftawar ido ma ta fi wannan daɗewa nesa ba kusa ba.

A nau'i na biyun abin ya fi tsanani. Ɗauka likita ne sanye da tabarau, yana ganin zanen wani ƙari a cikin jikin mara lafiya, zai soka allura. In na'urar ta kuskure juyawar kansa da digiri ɗaya tal, a nisan rabin mita zanen zai goce da kusan milimita 9. Ka ga allura ta tafi wani wuri kenan.

TAKOBI A KAN TSAKAR KA

A 1968, Ivan Sutherland da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa tabarau na farko irin wannan a Jami'ar Harvard da ke Amurka. Abin da mutum ke gani a ciki bai taka kara ya karya ba, 'yan layuka ne da suka yi siffar akwati yana shawagi a ɗaki. Amma in ka matsa, akwatin yana nan inda yake, kana iya leƙa gefensa. To ta yaya suka auna kan? Da wani hannun ƙarfe da ya sauko daga silin ya kama tabarau ɗin. Duk motsin da ka yi, gaɓoɓin ƙarfen su lanƙwasa, kwamfuta ta karanta. Saboda yadda yake reto a kan mutum aka yi masa laƙabi da Takobin Damokilis, daga wani tsohon labarin Girkawa na takobin da aka rataye da gashi ɗaya a kan tsakar kan wani bafade.

Hannun yana auna daidai, amma ka zama akuyar da aka ɗaure a turke. Iyakarka iyakar igiya.

Daga shekarun 1970 sai aka koma ga maganaɗisu. Kamfanin Polhemus ya ƙera na'urar da ke baza filin maganaɗisu, wata 'yar ƙarama kuma a kan kwalkwali tana jin sa. Asali don matuƙan jiragen yaƙi aka yi ta, a san inda matuƙi ke kallo. Matuƙi kuwa a zaune yake, ɗaure da bel, don haka ta wadatar. Amma da aka kawo ta ɗakin bincike sai aibinta ya fito. Ka yi nisan taku kaɗan, awon ya fara rawa. Ƙarfe na kusa, ko rodin da ke cikin kankaren bene, sai ya murɗe filin. Yawancin tabarau ɗin da aka yi ta yayatawa a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 da maganaɗisu suke aiki, kuma jinkirin awo na cikin dalilan da suka sa yayin ya mutu murus a wancan karon. Mutane sun sa, sun ji jiri, sun ajiye.

MUTANEN CHAPEL HILL

A nan ne labarin ya koma wani ƙaramin gari, Chapel Hill, a jihar Karolina ta Arewa. Fred Brooks, wanda ya jagoranci ƙera manyan kwamfutocin IBM, ya kafa sashen kimiyyar kwamfuta a jami'ar garin a 1964. Shi da Henry Fuchs da ɗalibansu suna son abubuwa biyu: mai zanen gini ya taka da ƙafarsa ya zaga cikin ginin da ba a gina ba tukuna, likita kuma ya ga cikin jikin mara lafiya. A 1992 har sun gwada ɗora hoton awon ciki a kan cikin mace mai juna biyu, likita na kallo ta tabarau. Duka biyun ba za su yiwu da turke ba. Suna buƙatar fili, suna buƙatar daidaito.

Tun a 1984 wani ɗalibinsu, Gary Bishop, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan wani tunani da ya yi wa zamaninsa nisa: a ɗora ƙananan idanu a kan mutum, su kalli ɗakin da yake ciki, su gane motsinsa daga yadda bango da kaya ke gilmawa. Ba fitila, ba alama, ba komai. Kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfin wannan aiki. A riƙe wannan shekara, 1984, za mu dawo gare ta.

Da suka ga haka sai suka ce to, tunda na'ura ba za ta iya gane ɗaki ba, bari mu gina mata ɗakin da za ta gane. Amma akwai shawarar da sai an yanke: ido ya zauna a bango yana kallon mutum, ko ya zauna a kan mutum yana kallon waje?

Suka zaɓi na biyu, kuma dalilinsu lissafi ne mai sauƙi. Liƙa alama a goshinka, wani ya tsaya nesa yana kallo. Ka juya kai digiri ɗaya, alamar ba za ta matsa ko milimita 2 ba, da ƙyar mai kallo zai lura. Yanzu ɗaura tocila a goshin, ka haska bangon da ke nisan mita 3. Juya digiri ɗayan nan, hasken zai yi tsalle sama da santimita 5. Ka gane? Idon da ke kallon waje ya fi jin waiwaye nesa ba kusa ba, waiwaye kuwa shi ne motsin da ya fi saurin kawo jiri. Ga kuma riba ta biyu: in kana son ƙara faɗin fili, alamomi kawai za ka ƙara a sama, su kuwa suna da araha.

Wannan ai dabarar fatake ce. Madugu a tsakiyar sahara da dare ba ya jiran wani ya hango shi ya faɗa masa inda yake. Sama yake kallo, ya ga taurarin da ya sani, ya san inda ya dosa. Mutanen Chapel Hill sai suka ƙera wa kansu taurari.

A 1991, a babban taron masana zanen kwamfuta da ake kira SIGGRAPH, a birnin Las Vegas, suka kafa silin mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 12, ɗauke da 'yan ƙananan fitilu 960. Hasken fitilun ido ba ya ganinsa, irin na rimot ɗin talabijin ne. A kan mutum aka ɗora idanu huɗu masu kallon sama. Kwamfuta ta kunna fitila ɗaya, ido ya faɗi ta wace kusurwa ya gan ta, ta kashe ta kunna wata. Tunda an san mazaunin kowace fitila, in aka haɗa kusurwoyin sai mazaunin kai ya fito. Kayan suna da nauyi, mutum kamar ya ɗauko tallan kyamarori a ka, ga jaka a baya. Amma ya tashi ya yi tafiya, kuma silin ɗin fale-fale ne, ana iya ƙara masa faɗi yadda ake so. Cikin waɗanda suka yi aikin har da Ronald Azuma, wanda daga baya rubutunsa na 1997 ya zama abin da kowane ɗalibin fannin ke fara karantawa.

ƘWALLON DA YA CANZA LISSAFI

Shekara shida suka ƙara suna gyara. A 1997 suka kunna sabon tsari mai suna HiBall. Idanu huɗun nan masu nauyi suka koma wani ɗan dunƙule da bai kai lemon zaƙi girma ba, mai gilasan ido 6 da na'urorin jin haske 6 a ciki. An jera su ta yadda haske daga gilashi ɗaya zai iya faɗawa kan na'ura fiye da ɗaya, sai aka samu mahanga 26 daga wannan ɗan abu. A sama kuma fitilu kusan 3,000, a ɗaki mai mita 4.5 da mita 8.5.

Amma ni abin da ya fi burge ni lissafin ne, aikin Greg Welch da Gary Bishop. A tsohon tsari sai an tara ganin fitilu da yawa kafin a fitar da amsa ɗaya. Matsalar ita ce kafin ka gama tarawa kan ya riga ya matsa, ka haɗa awon da aka yi a wurare daban-daban kamar a wuri ɗaya aka yi su. Welch da Bishop suka ce a daina jira. Fitila ɗaya ba ta isa ta faɗa maka inda kake ba, gaskiya ne. Amma ai ba daga duhu ka fara ba. Ka san inda kan yake ɗazu, ka san saurinsa, don haka kana da hasashen inda yake yanzu. Ga fitila ɗaya: a ina ya kamata ta bayyana in hasashenka daidai ne, a ina kuma ta bayyana? Bambancin shi za ka yi gyara da shi, nan take, ka wuce fitila ta gaba. Sun gina wannan ne a kan dabarar da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wadda aka yi amfani da ita wajen kai kumbon Apollo duniyar wata.

Sakamakon? Amsa sama da 2,000 a daƙiƙa ɗaya, jinkiri ƙasa da kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, kuskure ƙasa da rabin milimita. Har ila yau tsarin yana gyara sanin mazaunin fitilun da kansa yayin da ake amfani da shi, don haka ba sai kafinta ya kafa silin daidai wa daida ba. Malam, a 1997 fa ake wannan, lokacin da mafi yawan duniya ba ta taɓa ganin intanet ba.

Da wannan na'ura suka yi gwajin da ya yi suna, gwajin rami. Mutum ya sa tabarau, ya taka ya shiga wani ɗaki, sai ya ga ƙasan ɗakin ya rufta, rami mai zurfin kusan mita 6, sai ɗan siririn gefe da zai bi. Ya san sarai a kan daɓe yake tsaye. Duk da haka, a binciken da Michael Meehan da abokan aikinsa suka fitar a 2002, bugun zuciyar mutane ya riƙa tashi da sun iso bakin ramin. Wato in awon kai ya yi daidai, jiki yana gaskata abin da hankali ya san ƙarya ne. A 2001 kuma Sharif Razzaque ya nuna cewa in ana juya hoton a hankali yadda mutum ba zai lura ba, za a iya sa shi ya riƙa karkata tafiyarsa alhali yana jin miƙe yake tafiya. Wanda ya riƙe awon kanka, yana iya juya ƙafarka. A riƙe wannan ma.

Wani kamfani, 3rdTech, ya sayar da HiBall ga ɗakunan bincike da masana'antu. Bai shiga gidajen mutane ba. Wa zai farfasa silin ɗinsa ya dasa fitilu dubbai?

KURA DA SHAN BUGU

Sai aka yi shiru na shekaru, har 2012 da wani matashi, Palmer Luckey, ya tara kusan dala miliyan 2.4 daga jama'a ta intanet don ƙera Oculus Rift. A 2014 Facebook ya saye kamfanin kan kusan dala biliyan 2. Rift ɗin da ya fito kasuwa a 2016 ya bi ɗaya hanyar: fitilu a jikin tabarau, kyamara a kan tebur tana kallonsu. A shekarar dai kamfanonin Valve da HTC suka fito da Vive, inda akwatuna biyu a kusurwoyin ɗaki ke share ɗakin da hasken leza, na'urorin jin haske da ke kan tabarau suna lissafa lokacin da hasken ya taɓa su. Ido a kai, taurari a waje. Jikan tunanin Chapel Hill ne, sai dai taurari 3,000 sun koma 2.

Mafarkin 1984 kuwa yana nan yana jiran kwamfuta ta yi ƙarfi. A Ingila, Andrew Davison ya nuna a 2003 cewa kyamara guda za ta iya zana taswirar wuri tana kuma gane matsayinta a cikin taswirar a lokaci ɗaya. Georg Klein da David Murray na Jami'ar Oxford suka ƙara inganta dabarar a 2007. Wayar hannu kuma ta karya farashin ƙananan kyamarori da na'urorin jin motsi. A 2016 Microsoft ya fito da HoloLens mai bin kai ba tare da an kafa komai a ɗaki ba. A watan Mayun 2019 Oculus Quest ya fito kan dala 399, kyamarori huɗu a kusurwoyinsa suna kallon waje. Kusurwar tebur, bakin taga, zanen darduma, su ne taurarinsa. Daga kundin Bishop zuwa Quest shekara 35 cur.

Wa ya ɗauki nauyin waɗancan shekarun na farko? Galibi kuɗin gwamnatin Amurka ne, ta hannun hukumar binciken ma'aikatar tsaro da hukumomin kimiyya da lafiya, aka riƙa zuba wa malaman jami'a da ɗalibai suna ta fama da fitilu a silin, ba riba ba ranar riba. Kamfanoni sun zo ne bayan tuwo ya nuna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba ina cewa kamfanonin ba su yi nasu aikin ba, sun yi, kuma mai yawa. Amma duk mai cewa binciken jami'a ɓarnar kuɗi ne in bai haifi kaya cikin shekara biyu ba, ya dubi wannan lissafi.

INDA ABIN YA SHAFE MU

Yanzu mu koma tambayar farko. Me ake saye da biliyoyin nan?

Fitilar silin ɗin Chapel Hill ba ta san komai game da kai ba. Idon HiBall ɗigon haske kawai yake gani, ba ya ɗaukar hoto. Amma ranar da aka cire fitilu aka ce ɗakinka ne taurarin, dole idon ya zama kyamara ta gaske, dole kuma na'urar ta zana taswirar inda kake: faɗin ɗaki, inda gado yake, inda ƙofa take. Vision Pro kyamarori 12 gare shi. Ba mugunta ce ta kawo su ba, lissafin ne ya buƙace su. Sai dai abin da aka tara don lissafi yana iya amfanuwa a wani wajen.

Motsin kan ma kansa shaida ne. A 2023 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka ɗauki bayanan motsin kai da hannu na mutum sama da 55,000 masu buga wasan Beat Saber. Da motsin daƙiƙa 100 kacal, kwamfuta ta gane ko wane ne cikinsu da daidaiton kashi 94 cikin 100. Ba suna, ba fuska, ba murya. Yadda kake gyaɗa kai kawai. Lambar sirri in ta fita kana canza ta. Tafiyarka fa?

Kuma “fili mai faɗi” ya tashi daga ɗaki mai mita 8.5, ya koma duniya gaba ɗaya. Tun 2019 manhajar taswirar Google ke iya gane inda mutum yake tsaye ta hanyar kwatanta abin da kyamarar wayarsa ke gani da hotunan tituna da motocin kamfanin suka ɗauka. Motocin nan sun zaga Legas, an saki hotunan a 2017, daga baya aka ƙara da Abuja da wasu birane. Kamfanin Niantic kuma ya gina tasa taswirar da hotunan wurare da masu wasan Pokémon Go suka riƙa ɗauka da wayoyinsu. Silin ɗin yanzu shi ne titi da kasuwa da bangon gida, kuma mai taswirar shi ne mai taurarin. Duk wanda zai sa tabarau ya fita waje gobe, a sararin samaniyar wani kamfani zai riƙa neman hanya. Ni a fahimtata wannan ake saye.

Kada wani ya ce ai mu tabarau ɗin dala 3,499 bai dame mu ba. Dabarar tana cikin wayoyi tun da Apple da Google suka saka ta a 2017 da 2018. Kuma in maƙwabcinka ko baƙonka ya sa tabarau ya shigo zaure, kyamarar ba ta neman izinin masu gida. Mu da muka san darajar shamaki tsakanin zaure da cikin gida, ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan.

Nijeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, kuma a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Wannan ya nuna ana iya tsayawa a yi magana. Abin da nake so masu doka da 'yan jarida da malaman jami'o'inmu su fara tambaya tun yanzu shi ne: taswirar cikin gida da bayanan motsin jiki, a na'urar suke tsayawa ko fita suke yi? In suna fita, ina za su, wa ke riƙe da su, har tsawon wane lokaci? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Su mutanen Chapel Hill shekara 13 suka yi daga kundin 1984 zuwa HiBall, suna bin rabin milimita. Mu ba a ce mu ƙera ba tukuna, cewa aka yi mu fahimci abin kafin ya shigo mana ɗaki. Ku fa, za ku yarda baƙo ya shigo muku gida da irin wannan tabarau a fuska? Ina jiran ra'ayoyinku.